"Kana Wurin?": Muhawarar Bill Nye da Ken Ham Kan Shekarun Duniya

Ni mutum ne mai son kallon shirye-shiryen ilimi, na taurari, na namun daji, da na ƙasusuwan da ake tonowa a hamada. A da sai na jira tashar tauraron ɗan'adam ta sako su, shi ma in an yi sa'a akwai wuta. Yanzu datar dare ta kawo sauƙi, sha biyu na bugawa zan sauke abin da zan kalla na mako guda. Amma muhawarar da zan yi magana a kanta ba ta wannan hanyar ta fara iso mini ba. Wani ɗan guntun bidiyo ne da bai kai minti biyu ba aka turo a zauren WhatsApp na abokan karatunmu. A ciki an tambayi wani siririn Bature, mai ɗan ƙyalle a wuya irin siffar malam-buɗe-littafi, ko mene ne ya kasance kafin fashewar farko da masana ke cewa daga ita sararin samaniya ya faro. Ya ce bai sani ba, wannan babban sirri ne da ake ta bincike a kansa. Sai abokin karawarsa, wani mai furfurar gemu, ya ce ai akwai wani littafi da ya faɗi inda komai ya fito. 'Yan zaurenmu suka ɗauki kabbara.

Na fahimci murnarsu, domin ni ma na yi imani Allah ne Ya halicci sammai da ƙasa. Sai dai da na nemo cikakken bidiyon na zauna na kalle shi, sa'o'i biyu da rabi da 'yan kai, na tarar ba a kan samuwar Allah aka yi zaman ba. Wanda muka tafa wa yana kare wani abu ne takamaimai, wanda na tabbata yawancinmu ba mu san shi ba, balle mu ce mun yarda da shi.

An yi muhawarar ranar 4 ga Fabrairun 2014 a garin Petersburg na jihar Kentucky a Amurka. Mai ɗan ƙyallen shi ne Bill Nye, injiniya ne da ya yi aiki a kamfanin jiragen sama na Boeing kafin ya koma talabijin, inda daga 1993 zuwa 1998 ya riƙa gabatar da shirin kimiyya na yara wanda ya sa kusan kowane ɗan makaranta a Amurka ya san fuskarsa. Mai gemun kuwa Ken Ham ne, ɗan asalin Ostireliya, tsohon malamin kimiyya a sakandare, shugaban ƙungiyar Answers in Genesis. A gidan tarihin ƙungiyar, wanda aka buɗe a 2007 kan kuɗi dala miliyan 27, aka yi zaman. Wato Nye baƙo ne a gidan Ham. Kujeru 900 na ɗakin sun ƙare cikin 'yan mintoci da fara sayar da tikiti, wani ɗan jaridar CNN, Tom Foreman, ya yi alƙalanci, kuma an ƙiyasta mutum kusan miliyan uku sun kalla kai tsaye ta intanet. Tushen rigimar ma bidiyon intanet ne: a 2012 Nye ya fito a wani gajeren bidiyo yana roƙon iyaye kada su cusa wa yara ƙin ka'idar juyin halitta, wadda ke cewa halittu sun samo asali daga juna suna sauyawa sannu a hankali, Ham ya mayar da martani da nasa bidiyon, daga nan aka yi ta ja-in-ja har aka sa rana.

Abin da Ham yake karewa shi ne: shekarun duniya da sammai duka kimanin 6,000 ne, an halicce su cikin kwana shida irin namu masu sa'o'i 24, kuma kusan duk duwatsu masu hawa-hawa da burbushin halittun da ke cikinsu ruwan Ɗufana ne ya shimfiɗa su cikin shekara guda, kimanin shekara 4,300 da suka wuce. Wannan lissafi na 6,000 ba a rubuce yake a wata aya ta Littafin Farawa, littafin farko na Baibul, ba. Tara shi aka yi daga jerin zuriyar da ke sura ta 5 da ta 11, wane ya haifi wane yana da shekara kaza. Wanda ya fi shahara da wannan tarawa shi ne James Ussher, babban limamin cocin Armagh a Ailan, wanda a 1650 ya fitar da cewa an yi halitta a watan Oktoba na shekara ta 4004 kafin haihuwar Annabi Isa. Daga baya masu ɗab'i suka riƙa buga wannan shekara a gefen shafukan Baibul na Turanci, har talaka mai karatu ya ɗauka tana cikin nassi.

Wani abin da ya ba ni mamaki da na bi tarihin shi ne, wannan tsattsauran ra'ayi a sigarsa ta yau bai tsufa ba. A shahararriyar shari'ar nan ta 1925 a garin Dayton na jihar Tennessee, inda aka ci tarar malami John Scopes dala 100 saboda koyar da juyin halitta, fitaccen lauyan masu ƙara William Jennings Bryan da bakinsa ya yarda cewa kwanakin halitta za su iya zama dogayen zamuna. Sai a 1961, da John Whitcomb da Henry Morris suka fitar da littafinsu kan ruwan Ɗufana, ra'ayin shekara 6,000 ya samu gindin zama a majami'un Amurka masu yawa. Kotuna suka ƙara masa siffa. A 1968 Kotun Ƙoli ta soke dokokin hana koyar da juyin halitta, a 1987 kuma ta soke dokar jihar Louisiana da ta ce dole a koyar da "kimiyyar halitta", wato labarin halitta irin na Baibul, kafaɗa da kafaɗa da juyin halitta, domin tsarin mulkin Amurka ya hana gwamnati ɗaukar nauyin wani addini a makarantunta. Tunda ba za a shigar da abin aji da sunan addini ba, dole a ɗinka masa rigar kimiyya. Shi ya sa taken muhawarar 2014 ya kasance tambaya ce ko labarin halitta irin na Ham zai iya tsayawa a matsayin bayanin kimiyya a wannan zamani. Kuma batun ba na 'yan tsiraru ba ne a can: a wannan shekarar cibiyar Gallup ta samu kashi 42 cikin 100 na Amurkawa suna cewa an halicci mutum a siffarsa ta yanzu cikin shekara 10,000 da suka wuce.

Ham ya iya magana, kuma hujjarsa guda ɗaya ce tak wadda ya yi ta juyawa. Ya ce kimiyya iri biyu ce. Akwai wadda ake gani da ido ana maimaitawa a ɗakin gwaji, ita ke ƙera waya da jirgi da magani, kuma ba shi da ja a kanta. Akwai kuma ta abin da ya wuce, wadda a cewarsa hasashe ce kawai, tunda babu wanda ya gani. Tambayar da ya shahara da koya wa yara su yi wa duk wanda ya ambaci miliyoyin shekaru ita ce: "Kana wurin?"

Tambayar tana da daɗin ji, kuma a nan ne ya kamata a tsaya, domin duk muhawarar a kanta ta rataya. Je ka kara ranar kasuwa ka tsaya kusa da dillalin shanu. Zai kama bakin bijimi ya buɗe, ya dubi haƙora, ya ce maka wannan ya ba shekara huɗu baya. Ba ya wurin ranar da aka haife shi. Buzu zai dubi sawun raƙumi a rairayi ya gaya maka da kaya yake ko babu, kuma jiya ya wuce ko yau. Alƙali yana yanke hukunci kan abin da bai gani ba, da shaidu da alamu. Imam Bukhari an haife shi shekara ta 194 bayan hijira, bai ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba, amma malaman hadisi sun gina ilimi sukutum na tantance labarin abin da ya wuce ta hanyar gwada ruwaya da ruwaya. Sanin jiya daga alamar da ta bari ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Abin tambaya kullum shi ne ingancin alamar, da ko wata alama daban ta gaskata ta.

Amsar Nye mafi ƙarfi a daren ta fito ne daga wani kifi. Masana sun lura cewa a duwatsun da suka haura shekara miliyan 385 kifaye ake samu, a waɗanda ba su wuce miliyan 365 ba kuma an fara ganin dabbobi masu ƙafa huɗu. Sai wani masani, Neil Shubin, da abokan aikinsa suka ce in lissafin gaskiya ne, to a duwatsun da ke tsakani, waɗanda asalinsu laka ce ta bakin kogi, ya kamata a samu wata halitta mai siffar tsaka-tsaki. Suka buɗe taswira, suka ga irin waɗannan duwatsu a tsibirin Ellesmere, can ƙuryar arewacin Kanada. Suka yi shekaru suna zuwa suna dawowa hannu rabbana. A 2004 suka tono shi: yana da ƙaya da ɓawo irin na kifi, amma kansa a baje yake kamar na kada, yana da wuya, kuma cikin fiffikensa akwai ƙasusuwa masu kama da na dantse. Suka sa masa suna Tiktaalik. Sun faɗi inda za a samu da zamanin da za a samu tun kafin su sa diga a ƙasa. Da a ce ilimin abin da ya wuce shaci-faɗi ne, ba zai nuna wa mutum inda zai haƙa ba.

Ham yana da martani mai ma'ana, kuma adalci ne a faɗe shi. Ya ce duk agogon da ake auna shekarun dutse da shi ya dogara ne da zaton cewa sinadarai irin su yuraniyom suna narkewa da sauri iri ɗaya tun fil azal, kuma wa ya tabbatar? Nye bai ba wannan haƙƙinsa ba, alhali akwai amsa mai kyau. A Fabrairun 1987 aka hango fashewar wani tauraro mai nisan da haske ke shafe kimanin shekara 168,000 kafin ya iso mu. Wato abin da aka gani a 1987 ya faru ne tun wancan lokaci. Da aka bi yadda haskensa ke dusashewa, sai aka ga ya yi daidai da narkewar wani nau'in sinadarin kobal da ke raguwa da rabi duk kwana 77, kamar yadda ake aunawa a ɗakin gwaji yau. A wannan gaɓar, ana iya cewa mun ga jiya da idonmu.

Akwai inda Nye ya yi tuntuɓe ƙarara. Ham ya kawo labarin wani itace da aka samu cikin dutsen aman wuta, aka auna dutsen aka samu shekara miliyan 45, aka auna itacen aka samu 45,000. Nye ya ce wataƙila dutsen ne ya zame ya hau kan itacen. Amsar ba ta zauna ba. Gaskiyar magana ita ce awon kabon, wanda ake yi wa itace da ƙashi, ya dogara ne da wani nau'in sinadarin kabon da ke raguwa da rabi duk shekara 5,730, don haka in abu ya doshi shekara 50,000 babu sauran abin aunawa. Duk abin da ya girmi haka, ko shekararsa miliyan nawa, lamba kusa da wannan iyaka zai nuna. Kamar ka ɗora buhun masara ne a kan ma'aunin mai sayar da zinare, allura ta kai ƙarshe ta tsaya, ka ce nauyin buhun kenan. Haka nan ya ɓata lokaci yana nuna cewa babban jirgin katako ba zai jure teku ba. Wanda ya ɗauki jirgin Annabi Nuhu a matsayin mu'ujiza, lissafin kafinta ba zai girgiza shi ba, kuma ni ma bai girgiza ni ba.

Gudun irin wannan tuntuɓen ne ya sa masana da yawa tun farko suka ce kada Nye ya je. A cikin daƙiƙa ashirin za a jefa maka shubuha, warware ta kuma sai an yi minti goma ana bayanin yadda awo ke aiki, ga alƙali yana duba agogo. Wani mai wa'azin wannan ra'ayi, Duane Gish, ya shahara da jero shubuhohi ashirin a numfashi guda, har wata masaniya, Eugenie Scott, ta laƙaba wa salon sunan sukuwar Gish. Ko ka amsa uku da kyau, mai kallo zai tashi da cewa sha bakwai sun gagare ka. Kwatanta wannan da shari'ar garin Dover ta jihar Pennsylvania a 2005, kan shigar da ra'ayin "tsari mai hikima" ajin kimiyya, inda aka shafe mako shida ana yi wa shaidu tambayoyi bayan sun yi rantsuwa, ba mai tsallake tambaya. A nan aka fito da tsofaffin kwafe na littafin da ake son sa wa ɗalibai, aka nuna cewa bayan hukuncin 1987 an bi shi ne kawai ana goge kalmar "halitta" ana sa "tsari mai hikima", har a wani wuri gogewar ba ta kammala ba, kalmomin biyu suka manne da juna. Alƙali John Jones, wanda Shugaba George W. Bush ya naɗa, ya yanke hukunci mai shafi 139 cewa abin addini ne aka sauya wa suna. Irin wannan tonon ba ya yiwuwa a dandalin da aka ba kowa minti biyu.

Duk da haka daren ya fitar da abu guda mai daraja. Wani daga cikin 'yan kallo ya rubuto tambaya: me zai sa ka sauya ra'ayi? Ham ya ce shi Kirista ne, babu wanda zai gamsar da shi cewa maganar Allah ba gaskiya ba ce. Nye ya ce hujja ɗaya ta isa, misali a samu burbushin wata dabba a hawan dutsen da bai kamata a same ta ba. Ban ga laifin mutum ya ce imaninsa ba na sayarwa ba ne, ni ma haka zan ce game da nawa. Matsalar ita ce Ham ya zo ne da da'awar cewa abin da ke hannunsa kimiyya ce, kuma abin da babu wata hujja da za ta iya taɓa shi ya fita daga wannan layi. Sannan ya haɗa maganar Allah da lissafin Ussher ya ɗaure su da igiya ɗaya. Kiristoci da yawa ba su yarda da wannan ɗauri ba. Washegarin muhawarar, fitaccen mai wa'azin talabijin Pat Robertson ya fito ya ce batun shekara 6,000 ba ya tsayawa, kada su mai da kansu abin dariya. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara kawo ra'ayin faɗaɗar sararin samaniya, Georges Lemaître, wanda ya fitar da nasa a 1927, limamin Katolika ne. Francis Collins, wanda ya jagoranci aikin karanta ƙwayoyin gadon ɗan'adam, Kirista ne mai riƙo da addini, kuma Nye da kansa ya ambace shi a daren.

Ta fuskar aljihu kuwa, Ham ne ya ci riba. Yana da aikin gina kwatankwacin jirgin Nuhu wanda kuɗinsa suka tsaya cak. Kafin watan Fabrairun ya ƙare ya sanar cewa kuɗi sun samu, ya kuma ce muhawarar ta taimaka. A Yulin 2016 aka buɗe jirgin a Williamstown, tsawonsa mita 155.

To mu ina muka tsaya? Alƙur'ani ya ambaci kwana shida, amma shi ne kuma ya ce yini ɗaya a wurin Ubangiji kamar shekara dubu ne cikin abin da muke ƙirgawa, a Suratul Ma'arij ya ambaci yini mai tsawon shekara dubu hamsin. Babu jerin zuriya mai shekaru a cikinsa da za a tara. Gaskiya ne wasu malaman tarihi na farko, irin su Ɗabari, sun kawo ruwayoyin shekara dubu shida ko bakwai, amma Ibn Hazm, wanda ya rasu a 1064, ya ce Musulmi ba su da wani adadi tabbatacce na shekarun duniya, kuma babu abin da ya inganta daga Annabi a kan haka. Al-Biruni, a ƙarni ɗaya da shi, ya dubi duwatsu da ƙasar kwarin Indiya ya ce wurin teku ne a da, koguna suka cike shi da laka sannu a hankali. Bai ga tekun ba, alama ya karanta. Don haka in masana suka ce shekarun duniya biliyan 4.5, Musulmi ba shi da wani nassi da aka taka.

Inda gaɓar take da gaske shi ne asalin ɗan'adam. Jumhurun malamai sun tafi a kan cewa an halicci Annabi Adamu ba uwa ba uba, masana ilimin halittu kuma suna cewa jikin mutum yana da tushe ɗaya da sauran halittu. Wannan mas'ala ce mai nauyi, tana buƙatar wanda ya san tafsiri da usulu ya kuma san ilimin ƙwayoyin gado, ya zauna da ita da natsuwa. Abin da nake tsoro shi ne mu riƙa aro makamin wasu ba tare da duba shi ba. An taɓa yi. Adnan Oktar na Turkiyya, wanda aka fi sani da Harun Yahya, ya kwashi yawancin hujjojinsa ne daga ƙungiyoyin Amurka irin ta su Morris da Gish, ya sa musu rawani. A ƙaton littafinsa mai hotuna da ya riƙa aika wa makarantun Turai kyauta a 2007, an sa hoton wani ƙwaro a matsayin shaidar cewa halittu ba sa sauyawa, sai aka gano ƙwaron roba ne na masunta, ga ƙugiyar nan a fili a jikinsa. Yaron da aka gina wa imani a kan irin wannan hoto, ranar da ya ga ƙugiyar a jami'a, ba littafin kaɗai zai yi wa shakka ba. Wannan ne ke hana ni barci a kan lamarin, fiye da wanda ya ci muhawara a Kentucky.

Kuma ba sai mun je Kanada za mu ga alamun ba. A Gadoufaoua cikin hamadar Nijar an tono ƙasusuwan Nigersaurus, dabba mai haƙora sama da 500 da ta rayu kimanin shekara miliyan 110 da suka wuce. A hamadar Djurab ta Chadi aka samu ƙoƙon kan wata tsohuwar halitta mai kama da mutum, wadda aka laƙaba wa suna Toumaï, a 2001. Wanda ya fi taɓa ni kuwa yana jihar Yobe. A watan Mayun 1987, shekarar da aka hango wancan tauraro kuma Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncinta, wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a yankin kogin Komadugu Gana, sai ya ci karo da wani abu mai tauri a zurfin mita biyar. Kwalekwale ne, an sassaƙe shi daga gungume guda, tsawonsa ya haura mita takwas, bakinsa da gindinsa a fiƙe, aikin gwani. Masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt suka yi aikin tono shi, aka fito da shi a 1998, aka kai shi Damaturu. Ɗakunan gwaji biyu daban-daban sun auna itacen da awon kabon, kuma a nan awon yana tsakiyar inda yake aiki daidai, nesa da iyakarsa. Duka biyun sun ba da kimanin shekara 8,000. Babu jirgin ruwan da aka sani a Afirka da ya girme shi. Bisa lissafin Ken Ham, masassaƙin da ya fafe wannan gungume ya gama aikinsa ya tura shi ruwa shekara 2,000 kafin a halicci duniya.